Kujerar Lamyai a Jirgin Tsere

A Ban Hat Som, da zarar damina ta kankama kogin Nan ya fara cika, ba mai sauran magana sai ta jirgi. Dogon jirgin tseren ƙauyen, mai kan maciji da kujerun matuƙa talatin, yana kwance a rumfar haikali duk shekara, kuma mai kula da shi Lung Bunma ne, tsohon da taurin kansa ya fi na itacen jirgin. Shi ke ɗaura wa hancin jirgi furanni da ƙyallaye don Uwar Jirgi, aljanar da ke tsaronsa, wadda kowa ya san ba ta yarda wata mace ta taka mata jirgi. Shi ne kuma ke zaɓen matuƙa.

Zaɓen ba na baki ba ne. Duk mai son kujerar wani sai ya kira shi ja-in-ja. A sa su biyu a ƙaramin kwale-kwale sun juya wa juna baya, a kafa gora ɗaya a gaban kowa, a busa usur. Wanda ya ja kwale-kwalen har ya taɓa gorarsa, kujera tasa ce.

Shekara shida Lamyai ta yi a tsakiyar jirgi, inda ake zuba ƙarti, ba wanda ya taɓa yin gigin kiranta ja-in-ja. A lokacin sunanta Samrit, kowa na kallonta ɗan Lung Bunma na fari, mai damtse kamar cinyar wani. Daga baya ta tafi birnin Chiang Mai koyon gyaran gashi, ta ga likita, ta fara shan ƙwayoyin homon masu mai da jiki na mace, abin da take mafarki tun tana firamare. Bayan shekara biyu ta dawo da gashi har gadon baya da sabon suna. Katoi, wato waɗanda aka haifa maza suka koma mata, ba baƙon abu ba ne a wurinmu, matan kasuwa rana ɗaya suka riƙe sunan. Mutum ɗaya ne ya ƙi, ubanta. Bai yi faɗa ba, bai kore ta ba. Sai dai kullum a kan tabarmar cin abinci ya ce, "Samrit, miƙo min barkono," idonsa na kan kwano.

To ita kujerarta take so. A cikin jirgin nan ne kaɗai tsohon ya taɓa kallonta fuska a sake, kuma ta ƙudurta cewa in ta koma ciki dole ya sake kallonta.

Wanda ya gaji kujerar ƙanenta ne Winai, wanda ita ta koya wa riƙon filafili. Ranar zaɓen farko ta ɗaure gashi, ta kira shi gaban jama'a tana dariya.

"Kai ɗan aro, tashi, mai kaya ta dawo."

"Yaya, kada fa ki karya farce," in ji Winai.

Aka busa usur. Bugu goma na farko ta ji kamar da, har zuciyarta ta fara rawa. A na ashirin hannuwanta suka yi nauyi. A na talatin numfashi ya ƙare mata, ta ga gorarta tana nisa, tana nisa, kwale-kwale na tafiya da ita ta baya kamar akuyar da ake ja kasuwa. Bakin kogi ya ɗauki ihu. Narong mai gasa kaza, wanda ke riƙe da kujerar can ƙarshe da ƙyar da jiɓin goshi, shi ya fi kowa buɗe baki.

"Lamyai, ƙarfin ya gangara baya ne? Mun ga inda ya taru!"

Ta yi dariya tare da su, don wanda ya fito fili ya shirya wa baki. Amma abin ya ci mata rai. Ubanta kuwa ya juya yana duba igiya.

Zaɓen ƙarshe saura wata uku. Washegari da sassafe ta bi Winai bayan haikali, inda samari suka cika gwangwanayen fenti da siminti suka zura musu bututun ƙarfe. Abin da ya ɗaga ta ɗaga, sau nawa ya yi ta yi. Duk ranar Lahadi ta ɗauko tef ɗin awo ta auna damtsensu. Na Winai kullum gaba yake yi, shi da ba ya ma barin giya. Nata yana nan inda yake, sai ciwon jiki na kwana uku bayan kowane atisaye. A da in ta kalli ƙarfe ma sai tsoka ta tashi. Yanzu wata guda cur tana zuba gumi, tef ya ƙi matsawa ko da faɗin farce.

"Yaya, in faɗa miki gaskiya?" Winai ya ce wata safiya, yana goge wuya. "Ajiye ƙwayoyin nan wata biyu kawai. In an gama tsere ki koma. Wa zai sani?"

Maganar ta shige ta, ba ƙarya. Kwana biyu tana juya ta. Ta kira likitarta ta Chiang Mai, ta zayyana mata komai.

"Ba lalaci ba ne, kuma ba ciwo ba ne," in ji likitar. "Maganin ne ke aikinsa. Sinadarin da ke gina wa maza tsoka da sauri shi muka danne, kin sani. Jininki ma yanzu irin na mata ne, ba ya ɗaukar iska kamar da, shi ya sa kike haki. Tsoka za ta amsa, amma a hankali, kuma sai kin ba ta abinci da hutu. Tsayarwa da farawa kuwa wahalar da jiki ne, ba na ba ki shawara. Amma jikin naki ne."

Jikin nata ne, nan maganar take. Lamyai ta tsaya gaban madubin shagonta na gyaran gashi ta dubi kafaɗun da suka sauka, da fuskar da ta yi laushi. Shekara ashirin ta jira kafin ta dubi madubi ta ga wadda ta sani. Ta ɓallo ƙwayar ranar ta haɗiye da ruwan sanyi, ta ce kujera ta zo ko kada ta zo.

Mafita ta fito daga inda ba ta zata ba. Kaka Kham, mai fito da mutane ƙetaren kogi, ta haura saba'in, hannuwanta kamar sillen kara, amma tun safe har yamma tana yanka ruwa da buhunan shinkafa da babura ba ta haki. Wata rana Lamyai ta karɓi filafilin don ta rage mata aiki. Ba su kai tsakiya ba tsohuwar ta ɗaka mata duka a gwiwa.

"Ke, wa ya ce miki da hannu ake tuƙi?"

"Kaka, shekara shida na yi a jirgin tsere."

"Shekara shida kina haukan maza dai. Su ƙarfi ya yi musu yawa, ba su san inda za su kai shi ba. Mu da ba mu da na ɓarnatarwa, da ƙafa muke tokarewa, mu murza ƙugu, baya ya ja. Hannu igiya ce kawai. Ga ƙugu nan likita ta ba ki, kin bar shi yana zaman banza!"

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Lamyai ta rabu da gwangwanayen samari. Ta koma saɓa buhun shinkafa tana durƙusawa tana miƙewa, kwana ɗaya aiki kwana ɗaya hutu. Ta daina ƙyamar abinci don tsoron ƙiba, ta shiga cin ƙwai da gasasshen kifi har matan shago suka fara yi mata tsiya. Da yamma kuma ita ke fito da fasinjojin Kaka Kham, tsohuwar na zaune tana tauna ganyen da tsofaffinmu ke ci kamar goro tana zagi. Sati uku ba labari. A na huɗu ta sa tef a cinya, sai ga shi ya matsa. Kaɗan ne, amma ya matsa! Ta fito tsakar gida da tef a hannu tana tsalle, kaji suka watse. A sati na shida ta ƙetare kogin sau huɗu a jere, ta sauka tana iya magana. Damtsen Samrit dai ya tafi ba zai dawo ba, ta kuma daina nemansa.

Ranar zaɓen ƙarshe an sauko da babban jirgi bakin ruwa, an sabunta masa fenti, hancinsa ya sha furanni. Duk ƙauye ya fito. Matan shago da na kasuwa sun zo da murafun tukwane. Lamyai ba wawiya ba ce, ta san Winai ya fi ƙarfinta yanzu. Ta wuce shi, ta je ta tsaya gaban Narong.

"Yaya Narong, ka tambayi inda ƙarfin ya taru. Zo in nuna maka."

"Ni? Ke yarinya, ki ji tausayin kwalliyarki."

"Kai dai ka ji tausayin tumbinka."

Usur ya tashi. Narong ya afka wa ruwa kamar mai kashe gobara, kuma duk tumbinsa namiji ne mai ƙarfi. Kwale-kwale ya fara binsa, taku ɗaya, taku biyu. Lamyai ta ga gorarta ta fara nisa. Daga bakin gaɓa muryar Kaka Kham ta keto ihun jama'a: "Ƙugu, 'yar banza! Ƙugu!" Ta tokare ƙafa, ta murza, ta ja. Ta sake. Kwale-kwale ya tsaya cak yana rawa a wuri ɗaya, ruwa na tafasa ta gaba da ta baya. Ƙirjinta kamar an zuba barkono, amma cinyoyinta ba su gaji ba. Ta ji bugun Narong ya fara gajarta, ta ji yana huci. Sai gorarta ta matso. Murafun tukwane suka haukace. Winai ya shiga ruwa har gwiwa yana ihu, "Ja, Yaya! Ja!" Ta ja, ta ja, har hancin kwale-kwale ya daki gora ta kwanta.

Ba ta jira an kama mata ba. Ta diro cikin ruwa, ta ruga ta cikin taɓo jiƙe sharkaf, baki har kunne, ta nufi babban jirgi. Kujerar ƙarshe ce, amma a cikin jirgin take. Ta dafa gefe, ta ɗaga ƙafa.

Filafili ya gitta gabanta. Lung Bunma ne riƙe da shi.

"Mace ba ta taka jirgin nan."

Mata suka sauke murafun tukwane. Lamyai ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Haba Baba!" in ji Winai. "Shekara shida tana ciki, Uwar Jirgi ba ta ce komai ba. Kuma kai ka busa usur da bakinka!"

"Na busa," tsohon ya ce. "Na ɗauka Samrit ne zai tuƙa. Na tsaya nan na kalla tun daga bugun farko. Wannan tuƙin na san shi, haka uwarku take yi in za ta kai ni gona ƙetare." Muryarsa ta ɗan karye, ya gyara ta da tari. "Ita ma har ta mutu ba ta taka jirgin nan ba. Don 'yata ce ba zan karya al'ada ba."

Wata uku na gumi, da buhun shinkafa, da zagin Kaka Kham, duk sun tafi a magana ɗaya. Haushi ya turnuƙe Lamyai har tana jin ɗacinsa a harshe. A ƙarƙashin haushin kuma wani abu na tasowa wanda ya fi shi ƙarfi, ta rasa yadda za ta yi da su biyun.

"Baba," ta ce a hankali, "wa ka ce ba za ta taka ba?"

Tsohon ya ɗago ya dube ta, ido cikin ido, karo na farko cikin shekara biyu.

"Ke mana, Lamyai. Ko ruwa ya toshe miki kunne ne?"

Ta sauke ƙafar cikin taɓo. Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin ta, ta kasa tsayar da ko ɗaya. Narong ya lallaɓo yana haki ya tambaya ko kujerar tasa ce ke nan, Kaka Kham ta ce ya yi wa mutane shiru, ya ci arzikin Uwar Jirgi.

Lung Bunma ya juya zai koma wurin matuƙansa, sai ya tsaya, ya miƙo mata filafilin da ya tare ta da shi. Nasa ne na kansa, wanda ko Winai bai taɓa bari ya riƙe ba.

"Riƙe," ya ce. "Kafin tsere ki koya wa waɗannan garadan tuƙi da ƙugu. Daga bakin gaɓa."