Jana'iza Ranar Wasa

Ezell Pettway ya rasu ranar Talata da hantsi, a makon da bai dace mutumin kirki ya mutu ba. A garin Sardis Creek, kamar sauran ƙananan garuruwan jihar Alabama ta Amurka, daga watan tara zuwa na sha ɗaya ba a ɗaura aure ranar Asabar, kuma mai hankali ba ya kwanciya asibiti. Asabar ta ƙwallon jami'a ce, irin ƙwallon Amurka da ake jefawa ko a ruga da ita a hannu. Wannan Asabar ɗin kuwa ta fi kowace, don ranar ce jami'ar jiha za ta kara da tsohuwar abokiyar gabarta.

Matarsa Odessa ta yi shekara talatin da huɗu tana koyarwa a firamaren garin. Ba ta da dogon buri game da jana'izar. Abin da ta nema ɗaya ne: maza shida su ɗauki akwatin mijinta a hannu, daga ƙofar coci zuwa maƙabartar da ke bayanta, kamar yadda shi ma ya ɗauki na mutanen garin tun yana saurayi. Ba ta yarda a tura shi a kan keken gawa kamar kayan kanti ba.

Da fari abin ya zo da sauƙi. An sa wasa ƙarfe shida da rabi na yamma, Fasto Merriweather ya sa jana'iza ƙarfe sha ɗaya na safe. Kowa ya yaba wa marigayin, aka ce ko bayan ransa bai takura wa kowa ba. Odessa ta rubuta sunayen mutum shida a takarda: 'ya'yanta biyu, Royce da Delmar, da ƙanin mijinta Hollis, da dattawan coci uku.

Ranar Alhamis da rana sai labari ya canza. Masu duba yanayi suka ce guguwa na tahowa daga teku, za ta iso Asabar da yamma. Nan take aka dawo da wasan ƙarfe sha ɗaya na safe.

Odessa na kicin tana neman inda za ta jera kwanukan soyayyar kaza da burodin masara da maƙwabta ke ta kawowa, Royce ya shigo yana murza hularsa. Shi ne babba, makanikin tarakta. Bai taɓa zama aji a jami'ar nan ba, iyakarsa filin wasanta, amma in ya ce "mu ne zakaru" sai ka rantse shi ya aza tubalinta. Hularsa kore da fari, kalar 'yan wasan jami'ar, motarsa kore da fari, har karensa yana da riga.

"Mama," ya ce, "ba don kaina nake magana ba. Jama'a nake ji. Me zai hana a mayar da ita Lahadi bayan an tashi sujada? Kin ga kowa ya riga ya sa kwat."

Delmar na zaune bakin tebur yana shan shayi mai ƙanƙara. Shi ne ya yi shekara huɗu a jami'ar, ya fito da digiri, ya koma babban birni yana sayar da inshora. Tun daga nan ya daina kallon wasan ɗalibai, sai na ƙwararru ranar Lahadi. Ya ajiye kofin a hankali, irin ajiyewar mai shirin wa'azi.

"Yaya, ka ji kunya. Ubanka na kwance a ɗakin sanyi, kai kuma zuciyarka na wurin yara 'yan shekara sha tara da ba su gama tsiro gemu ba. A jefa musu ƙwallo sau uku, su saki biyu."

Royce ya ce, "Yaran nan don kishin makarantarsu suke yi! Naka fa? Ƙattai masu jirgin sama na kansu, kowa na lallaɓa gwiwarsa kada kwangila ta ɓaci."

"Kishi? Ka tambayi gwamna ko albashinsa ya kai na kocinku. Yaran ma yanzu biyansu ake yi, wanda aka ƙara wa a wata makarantar ya ɗauki kwalkwalinsa ya yi gaba. Ku ma kasuwa ce, sai dai kun ɗaura mata 'yan badujala a gaba."

"Ka bar 'yan badujala! Ka taɓa jin mutum dubu casa'in sun rera taken makaranta da murya ɗaya? Gashin jikinka sai ya miƙe. A filinku me ake rerawa? Tallan giya. Kuma mu ba ma ƙaura. Ƙungiyar ƙwararru in wani gari ya gina mata sabon fili, sai a wayi gari ta kwashe kayanta ta bar magoya baya da riguna. Ka taɓa jin jami'a ta gudu?"

"Na ji wanda bai shiga jami'a ba yana yi mata kuka, wannan kam na ji."

Odessa ta bar su suka yi ta yi. A aji ta koyi cewa yaro biyu in suna musu, ka jira, ɗayansu zai faɗi gaskiya bisa kuskure. Da suka tsagaita ta goge hannu, ta juya wajen ƙaramin.

"To, Delmar, tunda kai ba ruwanka da wasan yara, mu yi wa yayanka alfarma. Lahadi ƙarfe ɗaya."

Delmar ya ɗauki kofin, ya sake ajiyewa.

"Lahadi ƙarfe ɗaya, Mama? Ai... hanya ce matsalar. Kin san Litinin ina da aiki. Ga guguwa."

"Ƙarfe nawa naku wasan?"

"Sha biyu," ya ce, kafin ya kama bakinsa.

Royce ya kwashe da dariya har ya manta gidan makoki yake. Odessa ba ta yi dariya ba. Juma'a ba za ta yiwu ba, sai da yamma yayarta Pearline za ta iso daga Detroit. Litinin kuwa dangin nesa duk sun watse. Ta ce, "Asabar, ƙarfe sha ɗaya. Yadda Fasto ya sa, haka za ta zauna."

Da yamma Hollis ya zo da shawarar dattijo. Ya ce a yi ta ƙarfe takwas na safe, a taƙaita waƙoƙi, a roƙi Fasto ya yi gajeren wa'azi.

"Matar yaya, shi kansa Ezell da zai fahimta."

"Hollis, yayanka ya yi shekara saba'in da bakwai a duniya. Awa biyu ne suka gagare ka?"

Hollis ya ce ba haka yake nufi ba, ya ɗauki cinyar kaza biyu ya tafi.

A gaskiya, ranar Asabar ba wanda ya ƙi zuwa. Mutanen Sardis Creek na da kunya. Coci ta cika har baya, maza cikin baƙin kwat, sai dai kusan kowane laktaye kore ne da fari. Odessa na zaune a layin gaba, Pearline a damanta, 'ya'yanta a hagu. Ba ta waiwaya ba, kuma ba ta bukaci waiwaye ba. Wadda ta yi shekara talatin da huɗu tana rubutu a allo tana juya wa yara baya ta san ƙarar aji mai sauraro, ta san ta ajin da ke ɓoye abu ƙarƙashin benci. Rabin mazan nan ita ta koya musu baƙaƙe. Yau ma kansu a sunkuye yake, kowa da wayarsa tsakanin gwiwoyi.

Fasto Merriweather ba mai gajeren wa'azi ba ne, kuma ganin kawuna a sunkuye ya ƙara masa ƙaimi. Bayansa wakilan ƙungiyoyi suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa an ba shi minti biyu, kowa ya ci goma. Matan zumuntar coci suka yi waƙa uku. Ƙarfe ɗaya ta wuce, biyu ta kawo jiki.

A nan ne batirin wayoyi da haƙurin maza suka fara ƙarewa tare. Hollis ne ya fara tashi, yana tari yana dafe ƙirji. A-kori-kurarsa na bakin coci, kuma rediyonta na kama tasha tangaram. Dattijon coci ɗaya ya bi shi ya ga ko lafiya. Na biyu ya bi na farko. Royce ya raɗa wa uwarsa, "Bari in duba Baffa, kin san hawan jininsa." Bayan minti biyar Delmar ya ce, "Bari in je in kamo su, Mama, abin kunya ne wannan." Ya tafi da fuska a murtuke.

Fasto ya rufe littafi ya ce, "Masu ɗaukar akwati su matso."

Mutum ɗaya ya matso, Dattijo Ambrose, mai shekara tamanin da biyu, wanda ba ya ji sosai, shi ya sa rediyo ba ta da amfani a gare shi. Ya tsaya gefen akwatin shi kaɗai yana waige-waige.

Fasto ya maimaita. Mai gidan jana'iza ya sunkuyo wajen Odessa. "Uwargida, kada ki damu, muna da keke. Yanzu zan turo."

"Ka bar kekenka inda yake," ta ce.

Ta ba su minti ɗaya cikakke, tana duban agogon hannunta, kamar yadda takan ba ɗalibi kafin ta karɓe takarda. Ta taga ana jiyo muryar mai sharhi sama-sama: saura minti biyu, bambancin maki uku, ƙwallo a hannun 'yan kore. Sauran mazan da ke cikin cocin suka shiga gyara kwat, kowa na jiran na kusa da shi ya fara tashi.

Odessa ta miƙe, ta cire safar hannunta ta sa a jaka, ta shiga kiran yayarta da ƙawayenta.

"Yaya Pearline, kama nan. Verna, Lottie, ku zo. Geneva, ke kin saba ɗaga marasa lafiya, ki tsaya wajen kai. Malam Ambrose, na gode, zauna abinka. Ruthie, zo ki cike."

"Odessa," in ji Pearline, "mijin nan naki bai taɓa ƙin abinci ba fa."

"Na sani, ni na dafa. Ɗaya, biyu."

Akwatin ya tashi. Ya yi nauyi ƙwarai. Ƙarfen mariƙinsa ya nutse a tafin Odessa, kafaɗarta ta amsa, takalmin Lottie ya turguɗe a matakala. Amma Geneva ta ba da umarni kamar a ɗakin jinya, suka sauka lafiya. Matan zumunta suka biyo baya da waƙa, jama'a suka biyo su.

Hanyar maƙabarta ta gaban a-kori-kurar Hollis ta bi. Maza kusan ashirin da suka sulale daga coci sun kewaye ta, an buɗe ƙofofi biyu. Royce ya durƙusa a kan tsakuwa ya haɗe hannuwa, addu'ar da bai yi a ciki ba. Wanda kansa ya fi shiga cikin motar kuwa, har kafaɗu, Delmar ne, yana ihu: "Ku ruga da ita, sakarkaru! Kada ku jefa! Ku ruga!"

Waƙar ce ta juyo da su. Hollis ya miƙa hannu ya kashe rediyon, wasa bai ƙare ba, kuma tun da aka kafa garin ba a taɓa yin haka ba. Delmar ya zaro kai ya bugi rufin mota. Suka sheƙo da gudu, kwat na tashi.

"Mama, kawo! Mama, don Allah, saki mu kama!"

Odessa ba ta tsaya ba, don in suka tsaya ba ta da tabbacin za su iya sake tafiya.

"Ba a canjin hannu a tsakiyar hanya," ta ce, numfashinta na sarƙewa. "Royce, kauce, kana tare wa Verna hanya."

"Mama, ubanmu ne!"

"Ɗazu ma ubanku ne."

"Inna Pearline, ki sa baki," in ji Delmar.

"Bakina na riƙe da numfashi, ɗan nan. Wa ya ci?"

Ba wanda ya san sakamakon, an riga an kashe rediyon.

A cocinsu maza ke ɗaukar akwati, mata su biyo baya da furanni. Yau furannin na nan jere a bakin ƙofa ba mai ɗauka, masu ɗaukarsu sun sami wani aiki. Odessa ta yi nuni da haɓa.

"Ga can abin da ya rage. Kowa ya ɗauki ɗaya. A hankali, kada ku karya."

Suka koma suka ɗauka. Royce ya rungumi kwandon fararen furanni da ya rufe masa laktaye, Delmar ya ɗauki wani zagayayye mai jan ƙyalle, Hollis da dattawan coci suka kwashi sauran. Suka jeru bibbiyu a bayan mata, garin duka na kallo, iska ta fara kaɗa itatuwa. Saura taku arba'in a kai bakin kabari. Odessa ta gyara riƙonta ta ce wa Geneva su rage sauri, ba abin da ake wa gaggawa.