Tek Tu a Bayan Nyanya

Shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja na koyi yaren 'yan fim, ba don ina so ba. Ni Lantana, ƙosai nake soyawa a wata 'yar unguwa bayan Nyanya. An shafa wa gidajenmu jan fenti, titi zai bi ta kanmu, amma an ce sai bayan kaka. Alkawarin nan na riƙe, don ba ni da inda zan kai tsohuwata.

Sai ga wani George da hular kaboyi, wai shi darakta. Masu aikin titin ne suka kawo shi ya ɗauki yadda ake gina sabon birni. Unguwar da aka binne cibiyata, a bakinsa "lokeshan" ce, wato wurin ɗaukar fim. Mu kuma "estira", wato 'yan cika wuri, kamar kaji a tsakar gida. Kai, na ga iyayi!

Maƙwabcina Nababa ya riga ya tashi, don haka ɗakinsa aka zaɓa a rushe a gaban kyamara. Aka jera mu, aka ce mu yi murmushi. George ya ɗaga hannu ya ce, "Akshin!" Katafila ta yi ciki da ɗakin. Ya ce, "Kot!" har da tafa wa kansa.

Mai kyamara ya leƙa na'urarsa, ya sosa ƙeya. "Oga, batir ya mutu tun farko."

Wallahi na yi dariya har da riƙe ciki. Duk ɗaga hancin nan, ashe fanko ne!

George ko a jikinsa. "Ba matsala. Tek tu."

Na tambayi mai kyamara mene ne kuma tek tu. Ya ce a sake daga farko, haka ake yi a fim.

"A sake da wane ɗakin? Ai ya zama ƙasa."

George ya haɗa yatsunsa ya yi 'yar taga, yana leƙen layinmu ta ciki. Ya wuce gidan wani maƙwabcina Maliki, ya tsaya a nawa. Wai rana ta fi haska shi, ga jan fentin ya fito raɗau.

Nan take na daina dariya, tsoro ya kama ni. Na ce, "Oga, an ce sai bayan kaka. Tsohuwata tana ciki, ba ta iya tashi."

"A fito da ita a tabarma, a ajiye ta nan gaba," in ji shi. "Za mu yi mata kulozof, fuskarta ta cika allo."

Wannan karon batir bai mutu ba.