Babban Yatsan Baba

Sati uku ina ɓarnar maƙoshin raguna a ɗakin gwaji. Aikin da Farfesa ya ba ni ba wuyar faɗa: in raba wannan bututu da abinci ke bi zuwa tumbi gida biyu, tsokar waje daban, fatar ciki daban, in ɗaura kowacce a injin ja, in auna iya miƙewarta. Amma duk fatar da na raba sai ta tsinke tun injin bai fara nishi ba. Farfesa ya ce in ban kawo sakamako ranar Litinin ba, digirina ya ƙara shekara.

Ranar Asabar na je rumfar Baba karɓo wasu maƙoshin raguna. Shekara arba'in yana fawa, ni kuwa, Allah ya yafe mini, ban taɓa gaya masa abin da nake yi da su ba. Gani nake ba zai gane ba.

"Wai ke 'yar boko, cinye su kike yi ne?"

Na yi masa bayani sama-sama.

"Da me kike rabawa?"

"Da aska."

Ya yi dariya har da dafa tebur. "Aska! Ai kin ji mata ciwo tun kafin injin naku ya taɓa ta."

Ya ɗauki ɗaya, ya cusa babban yatsansa tsakanin tsoka da fata, ya zare tsokar kamar mai cire safa. Fatar ta fito fara tas, ko ƙwarzane babu.

"Ja. Kar ki ji tsoro."

Na ja. Da farko ta biyo ni salin-alin, can sai ta cije.

"Kin gani? A nannaɗe take a ciki, don loma ta samu hanya. In ta gama buɗewa, ta fi tsokar taurin kai. Halin uwarki ke nan."

Kunya da godiya suka cika ni.

Ranar Litinin injin ya maimaita maganar Baba, layin awon da yake zanawa a kwamfuta ya fara a kwance, sannan ya miƙe tsaye. Farfesa ya gyara tabarau.

"A wane littafi kika samo wannan dabara?"

Shekara biyar ina wannan gini, in an tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce ɗan kasuwa ne.

"Babana ne ya koya mini," na ce. "Mahauci ne."