Gahawar Dokta da Jinin Mama

Yayana gyaran waya yake yi, amma duk gidanmu Dokta ake ce masa. Tun da ya fara kallon bidiyon lafiya a wayoyin da ake kawo masa gyara, ba wanda ya isa ya yi atishawa a gabansa bai sha lacca ba.

Mama ce ke jiran aikin gwiwa. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ba zai taɓa ta ba sai ya hau. Ya rubuta mata ƙwayar ƙarin jini ta sati shida. Abu mai sauƙi, ko? Ina! Dokta ya karɓe ragama. Ya jibgo wasu ƙwayoyi masu tsada na koren shayi, wai masu wanke tsatsar jiki, sai ka ce Mama tsohon famfo ce. Kullum da safe sai ya dafa gahawa baƙa wuluk, ya jera ƙwayoyin a faranti har da ta likita, ya zauna a bakin gadonta har ta haɗiye su da ita. Wai gahawa ce direban da ke kai magani inda aka aike shi. Na ce a tambayi likita, ya ce me mai koyar da 'yan firamare ta sani.

Sati shida suka cika, jini bai motsa ba. Da likita ya ji da me take shan ƙwayar, sai da ya cire tabarau. Ya ce gahawa da shayi, har da waɗannan ƙwayoyin tsadar, su ke hana jiki tsotsar maganin. A bari sai awa biyu tsakani. Ya ɗaga aiki zuwa wata biyu, sannan ya tambayi wa ya tsara haka. Na buɗe baki, wallahi har da murnata.

"Ni ce, likita," in ji Mama. "Ba na iya tashi sai da gahawa."

Dokta, da ya rako mu, ya duƙufa yana nazarin takalminsa.

Raina ya ɓaci matuƙa. A matakalar asibiti, tana dafe da kafaɗata tana cije leɓe a kowane taki, na ce mata matar da ko ƙanshin gahawa ba ta so, me ya sa ta shanye ta kwana arba'in da biyu, kuma ta rufa masa asiri?

"Shekara nawa rabon da ki ga yayanki ya zauna a ɗakina?" ta ce. "Riƙe ni da kyau, akwai sauran hawa ɗaya."