Shaida Ɗaya, Gari Biyu

A ƙofar gidan yarin Katsina Lailatu ta fara ganin tsohuwar. Dukansu sun kawo abinci, gandirobobi suna ta jujjuya tuwon da cokali kafin su karɓa. Damina ce ta shekarar da soja suka miƙa mulki, rediyo ba ta da zance sai na 'yanci, amma mijinta Almu, mai walda a Ƙofar Guga, yana nan a tsare tun babbar Sallah.

Suka gaisa, suka tambayi juna gajiya da ruwa. Tsohuwar ta ce sunanta Delu, daga Batsari take zuwa wajen ɗanta Mudassir, wanda aka ɗaure kan satar shanu.

"Wallahi ɗiyata, yaron nan yana masallacin Idi ranar babbar Sallah aka kore shanun," in ji Delu. "Sai ga wani Ado mai haƙorin Makka ya dafa Alƙur'ani ya ce da idonsa ya gan shi a bayan garinmu."

Lailatu ta matso kusa da ita. "Inna, wane Ado? Wani gajere mai tsage a kumatu?"

"Shi fa. Kin san shi?"

Ta san shi sarai. Shi ne ya rantse a gaban majistare cewa ranar Sallar nan, ana tsaka da Idi, ya ga Almu yana fasa sito na takin zamani a Ƙofar Guga. Kowa a unguwa ya san wani ɗan kwangila ne ya kwashe takin, amma a lokacin yana da abokai masu kaki, babu mai iya buɗe baki.

Ko gida Lailatu ba ta koma ba. Ta riƙo hannun Delu suka hau acaɓa zuwa Ƙofar Durbi, ofishin Barista Ramla, matashiyar lauyar da ta karɓi shari'ar Almu bayan wasu lauyoyi sun gudu. Ramla ta saurare su ba ta katse ba. Da suka gama ta ce, "Inna, za ki iya maimaita wannan a kotu?"

"Ko a gaban gwamna ne," in ji Delu.

Ranar zaman shari'ar, kotu ta cika maƙil, maƙeran Ƙofar Guga har bakin taga. Ado ya shigo cikin farar shadda yana ɗaga wa mutane hannu. Ramla ta miƙe, ta yi masa magana a tausashe.

"Malam Ado, ka ce ana sallar Idi ka ga wanda nake karewa?"

"Ƙwarai. Liman na kabbara, shi yana dukan kwaɗo da guduma."

"Ranar ba ka bar Katsina ba?"

"Ko ƙofar gari ban leƙa ba, ranki ya daɗe."

"Ka tabbata? Ka san rantsuwa ka yi."

Ado ya yi murmushi, haƙorin ya haska. "Na tabbata."

Ramla ta juya ta ce, "Inna Delu, taso."

Da tsohuwar ta miƙe, murmushin ya bar fuskarsa. Ta matso har gaban akwatin shaida ta dube shi. "Ka gane ni? Ni ce uwar yaron da ka ce ka gani a Batsari da shanu, ana Idi, Sallar nan da ta wuce."

Ɗakin ya kaure da salati. Majistare ya buga tebur har aka yi shiru.

"Malam Ado," in ji Ramla, "rantsuwa biyu ka yi, a kotu biyu, kan safiya ɗaya. Gaya wa mai shari'a wacce ce ta gaskiya."

Ado ya waiga yana neman ɗan kwangilar a benci na baya, sai ya hango bayan babbar rigarsa tana fita ta ƙofa. Ya share zufa da hula. Ya ce wai mantuwa ce, ya ce wai wani Adon ne, daga ƙarshe ya ce shi dai an gaya masa abin da zai faɗa ne.

Majistare ya ba da umarni a tsare shi nan take, a kuma tabbatar da maganar daga kotun da ta ɗaure Mudassir. A zama na gaba ya sallami Almu, ya ce ba shi da laifin komai. Daga baya aka ɗaure Ado kan shaidar zur, 'yan sanda suka ɗauko ɗan kwangilar, kotun sama kuma ta soke hukuncin Mudassir.

Ranar da aka sallami Almu, Delu ce ta fara rangaɗa guɗa a harabar kotu, ko ɗan sandan da ke gadi bai hana ta ba. Abokan sana'ar Almu suka kawo mota, ya ce a'a, da ƙafa zai tafi. Haka suka ratso gari, shi a gaba, Lailatu da Delu a bayansa, masu shaguna suna fitowa suna miƙa masa hannu, har ayarin ya cika titi kafin su kai Ƙofar Guga.