Huɗu Saura Minti Biyar

Barci ya sace ni ne bayan azahar, a kan teburina, a ofishin kamfanin matsar man gyaɗa inda nake aikin akawu. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ga takardar rahoton haɗari a gabana na kasa cikewa.

Jiya bel ɗin inji ya fizgi hannun wani ma'aikacinmu, Malam Haladu, ya karya shi, da ƙarfe huɗu saura minti biyar, alhali ƙarfe huɗu ake tashi daga aiki. A gabana aka yi. Likita ya ce sai ya yi wata uku bai taɓa aiki ba. Ƙa'idar kamfani kuwa, wanda ya ji rauni a lokacin aiki ana ci gaba da biyansa har ya warke. Amma yau da safe manaja ya ce mini, "Barira, rubuta huɗu da minti goma. An riga an tashi, shi ya tsaya da ganin damarsa. Kin dai san masu neman kujerar nan taki da yawa."

Ina rufe ido sai na gan ni a bakin ƙofar wani birni mai baƙar ganuwa, hayaƙinsa na warin ƙonanniyar gyaɗa. Wani tsoho mai farar riga ya ce, "Biyo ni, 'yata. Kada ki taɓa komai."

A titin farko na ga mutane cikin manyan riguna, bel na jan hannuwansu cikin inji. Da ƙashi ya haɗe sai ya sake karyewa. Na ce, "Baba, su wa ke nan?"

Ya ce, "Waɗanda aka gaya wa inji ya lalace, suka ce a lallaɓa."

Muka wuce wani mai farar rigar asibiti yana tafiya a kan karyayyar ƙafa, wata murya na bin sa tana cewa, "Ka warke, koma aiki!" Tsohon ya ce wannan ya sa hannu ne a takardar sallama bai ko kwance bandeji ba. Can gefe kuma wasu ne zaune a kujeru masu laushi, bakunansu cike da ɓawon gyaɗa, suna son yin ihu sun kasa.

"Shugabannin ma'aikata ne," in ji shi. "An kawo musu kuka, suka ce a dawo bayan taro."

Na ja na tsaya. Na ce, "Baba, don Allah mu koma. Ni ba ni da inji, ba ni da kujerar mulki."

Ya ci gaba da tafiya. Ya kai ni tsakiyar birnin, inda wani agogo ke tsaye, tsayinsa ya fi rimi. Mutane birjik sun sa kafaɗa suna tura doguwar allurarsa, wadda ta yi ja don zafi. Da sun matsar da ita kaɗan sai ta dawo da ƙarfi ta watsar da su, su tashi su sake. Kowannensu da biro a bayan kunne.

"Waɗannan me suka sata?"

"Wani minti goma, wani kwata. Ba su doki kowa ba. Rubutu kawai suka yi."

Sai ya nuna mini ƙarƙashin agogon. Na ga matar Malam Haladu tana hura wuta, babu komai a tukunyar sai ruwa, 'ya'yanta sun zuba mata ido. Kusa da allurar kuwa akwai wani gurbi da babu kowa, daidai faɗin kafaɗata.

Na ce, "Wannan na wane ne?"

Ya dube ni ya ce, "Biron bai taɓa takarda ba tukuna."

Na farka a firgice ina salati, hijabina sharkaf da gumi, kafaɗata ta dama na raɗaɗi. Manaja na tsaye a bakin ƙofa.

"Barira, barci kike yi a ofis? Ina takardar?"

Na jawo takardar. Na ɗauki biro, na rubuta huɗu saura minti biyar, na sa hannu, na miƙa masa.

Ya karanta, ya ɗago kai. "Kin san abin da kika yi kuwa?"

Na ce, "Na sani, Yallaɓai. Ina wurin aka yi, kuma duk wanda ya tambaye ni, haka zan gaya masa."