Darasin Sana'ar Uba

Zulaihat ta gama jami'a, ta zo Diffa koyon malanta a ajin ƙananan yara. Ranar gwajinta, mai duba malamai, wanda suke kira Mushe, wato Malam da Faransanci, ya ce ta yi darasin littafi, kowane yaro ya faɗi sana'ar ubansa.

"Mushe, rabinsu marayu ne. A gonakin tattasai na bakin kogin Komadugu aka kashe iyayensu."

"Madam, in ba ki yi ba, kin faɗi."

Ta tambayi Meram, ƙaramarsu. Yarinyar ta miƙe, sai fitsari ya zubo mata don tsoro.

Zulaihat ta jefar da allin, ta goya yarinyar da gyalenta.

"Rubuta na faɗi, Mushe. Wallahi ba ni tambayar na biyu."